Hancin Ok-hui na Huɗu

A layin nan namu na unguwar Apgujeong a birnin Seoul, inda kowane bene yake da asibitin gyaran fuska hawa bisa hawa, kowa ya san yadda ake zaɓen siljang. Siljang ita ce matar da za ki fara zama da ita kafin ki ga likita. Ta ba ki shayi, ta juya fuskarki dama da hagu, ta gaya miki abin da za a sa miki a hanci. Ana zaɓenta ne doguwa, 'yar shekara ashirin da wani abu, mai hanci miƙaƙƙe ba gargada, domin fuskarta ita ce tallar gidan.

Tak Ok-hui ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, shekararta hamsin da takwas, kuma in ta buɗe baki ka san daga Tongyeong ta fito, can bakin teku inda mata ba su iya rage murya ba. Hancinta gajere ne, ya ɗan karkata hagu, da farin tabo a tsininsa kamar ƙwayar shinkafa. Duk da haka shekara ashirin da uku ta yi a kan kujerar siljang a wani ƙaramin asibiti a hawa na biyar. Duk mai aiki a layin ya san ta, ya kuma san maganarta guda ɗaya: "Miƙo yatsanki, taɓa nawa ki ji."

Wannan hanci da ake taɓawa shi ne na huɗu da ta yi a duniya.

Na farko shi ne wanda aka haife ta da shi, shimfiɗaɗɗe, ba kara, irin na gidansu. A gida ba wanda ya taɓa cewa uffan a kansa, don kowa irinsa gare shi. Sai da ta zo Seoul tana 'yar shekara goma sha tara, ta kama aikin ɗinki a masana'anta, wata ƙawarta ta ja ta wurin mai duba fuska. Kun dai san su, tsofaffin nan da ke kafa rumfa a bakin titi, su kalli goshi su karanta ƙuruciya, su kalli haɓa su karanta tsufa. Hanci kuwa a wurinsu shi ne rumbun dukiya. Tsohon ya dubi Ok-hui ya girgiza kai. "'Yata, rumbunki ba shi da bango. Duk abin da ya shiga sai ya zube." Yarinya ce, tana kwana su shida a ɗaki ɗaya, tana aika rabin abin da ta samu gida. Maganar ta shige ta ta zauna.

Na biyu a bayan shagon gyaran gashi aka yi shi. Wata mata ce ke zuwa ranar Laraba da jaka da sirinji, ta narka wani abu mai kama da kakin kyandir ta ɗura wa 'yan mata a karan hanci, ta mulmula da yatsu kafin ya huce. Shekara biyu Ok-hui tana tafe tana ɗaga kai. Daga nan kakin ya fara yawo. Ya dunƙule nan, ya gangara can, da zafi ya yi laushi, da sanyi fatar ta yi shuɗi.

Na uku likita ne ya yi shi, na gaske, mai takarda a bango. Ya kankare kakin, ya tambaye ta tsayin da take so. Ta ce wanda ya fi kowane tsayi. Ya sa mata robar silikon, irin mai lanƙwasa ɗin nan da yake bin karan hanci ya sauko ya tokare tsinin. Bai matsa fatarta ya ji kaurinta ba, ita kuma ba ta san ana matsawa ba. Shekara shida bayan haka, wata safiya tana wanke fuska, yatsanta ya ci karo da wani abu mai tauri. Ta duba madubi. Robar ce ta huda fata ta leƙo, ga mugunya a gefe. Aka zare ta. Hancin ya yi ta ƙanƙancewa yana janyewa sama, har ya zama daga gaba ana hango cikinsa. Shekara biyar ta yi tana tafiya da hannu a fuska. Mijinta ya ce ba ya iya cin abinci yana kallonta. Ta ce to ya je ya ci inda zai iya. Ya tafi, kuma ban taɓa jin ta ce ta yi kewarsa ba.

Likita Seok ne ya yi na huɗu. Tsamurarren mutum ne mai ƙarancin magana, wanda masu asibitin maƙwabta suke yi wa dariya don yakan ɓata awa huɗu a kan hanci ɗaya. Ya daɗe yana matsa fatar hancinta tsakanin yatsu biyu, sannan ya ce, "Fatarki ta gaji da baƙi. Yanzu ɗan gida kawai za ta karɓa." Ya yanko guringuntsi daga haƙarƙarinta na dama, ya feƙe shi da hannu, ya gina mata kara. Ya gaya mata tun kafin a fara cewa ba zai yi kyau ba, zai dai zama hanci. Wata guda ta yi ba ta iya dariya ko atishawa sai ta dafe gefenta tana hawaye. Da ta warke ta dawo da kwalin busasshen kifi daga Tongyeong, ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce ya ba ta aiki ko na shara ne.

Sharar ya ba ta. Tana cikin goge daɓe wata rana ta ji wata mata tana yi wa likita gardama a kan sai ya sa mata doguwar roba. Ok-hui ta jingina sandar gogewa, ta kamo yatsan matar ba sallama ba neman izini, ta ɗora a kan tabonta. "Nan ta fito. Ni ma doguwa na ce a sa min." Matar ta daina gardamar. Washegari Likita Seok ya nuna wa Ok-hui kujera ya ce ta zauna.

Kada wani ya ce ta tsani silikon, don ba haka ba ne. Mai kaurin fata wadda ba a taɓa yi wa aiki ba, Ok-hui da kanta za ta ce mata, "Milimita uku a kan kara, guringuntsin kunnenki a tsini, ki je ki yi shekara talatin ba abin da zai same ki sai tsufa." Ba ta kuma ɓoye aibin haƙarƙari. Yana iya lanƙwashewa, yana barin tabo a ƙirji, ga azabar jinya. Nata ma ai ya karkata. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a zaɓi abin da za a sa kafin a taɓa fatar da za ta ɗauke shi. A aljihun teburinta akwai wata 'yar robar abinci, irin wadda ake zuba kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji, a ciki kuma tsohon silikon ɗinta ne, ya yi rawaya. In baki ya kasa, sai ta buɗe murfin. Gani ai ya kori ji.

Ana nan, tsufa ya sa hannun Likita Seok ya fara rawa. Ya sayar da asibitin ya koma ƙauye yana noman barkono. Sabon likitan yaro ne mai saurin hannu, ba mugu ba, amma bai iya aikin haƙarƙari ba, kuma minti uku yake ba kowane mutum kafin tiyata. Mai juya gidan a zahiri shi ne Manaja Yuk, mai kwat da ƙamshin turare, wanda kafin ya shigo harkar asibiti motoci yake sayarwa. Shi a ganinsa hanci da mota duk ɗaya ne: mai saye ya nuna wadda yake so, a miƙa masa makulli.

Lokacin annoba kowa da takunkumi a fuska, don haka Manaja Yuk bai damu da hancin Ok-hui ba. Da aka ce kowa ya cire, ya kira ta gefe. "Siljang Tak, ke ki ci gaba da sa naki. Don tsafta." Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Ashe ni kaɗai ce mai ƙazanta a gidan nan." Amma ta sa. Tana sawa a zaure, in ta rufe ƙofar ɗakinta ta ja shi ƙasa. Sau biyu ya kama ta tana tura mutane wani asibitin, sau biyu ya yi mata gargaɗi. A na biyun ya ce, "Na ukun ba magana za mu yi ba. Takarda ce."

Ta ji tsoro, kada a yi muku ƙarya. Ba ta da ɗa ba ta da jika. Ta san duk tsawon layin nan babu asibitin da zai ɗora wannan fuska a kujerar gaba. Kuma a kan kujerar nan ce ta daina rufe fuska da hannu. Sai ta yi sanyi. Wata biyu tana zuba shayi tana cewa to, tana barin sababbin 'yan matan da aka ɗauka aiki suna yin maganar. Ta rame, ta daina zolayar masu jinya, har mai gadin bene ya tambaye ta ko lafiya.

Ranar wata Talata cikin sanyin Disamba, da hantsi, wata uwa ta shigo da 'yarta. Sunan yarinyar Da-som, shekararta ashirin da huɗu, tana neman aikin masu hidima a jirgin sama, saura mako uku a kira ta ganawa. An taɓa yi mata hanci tana shekara goma sha tara, kyautar gama jarrabawa, kamar yadda ake yi wa rabin 'yan ajinsu. Maman Da-som ce ke maganar. Ta buɗe jaka ta fito da wata takarda a ninke, ta shimfiɗa a tebur tana lallashinta da tafin hannu.

"Sau uku tana faɗuwa ganawar nan. Na kai ta wurin mai duba fuska, babba ne, sai an yi wata ana jiran layi. Ya ce karan bai kai ba, shi ya sa arziki yake tsallake ta. Ga shi ya rubuta. Milimita bakwai."

Manaja Yuk ya riga ya gan su a zaure, ya riga ya ce musu abu ne mai sauƙi: a zare tsohuwar roba a sa sabuwa mai tsayi, minti arba'in, mako guda kumburi ya sauka. Da ya rako su ɗakin bai ja ƙofar ta rufu ba. Ya bar ta a buɗe da gangan, ya tsaya daga waje yana danna waya.

Ok-hui ta dubi takardar. Rubutu ne mai kyau, da tawada da buroshi, har da jan hatimi. Ta dubi yarinyar. Tsinin hancin ja ne, yana sheƙi, fatar ta yi siriri har ana ganin inuwar abin da ke ƙarƙashi.

"'Yata, matso. In kin fita cikin sanyi yana miki zafi?"

Da-som ta saci kallon uwarta. "Kaɗan, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Ba ki gaya min ba!" in ji uwar.

"Na gaya miki, Mama. Kika ce in sa hoda."

Ok-hui ta wanke hannu, ta matsa fatar a hankali tsakanin yatsu biyu kamar yadda ta ga Likita Seok yana yi shekara da shekaru. Babu abin kamawa. Ta koma ta zauna. Tana ganin kafaɗar Manaja Yuk ta bakin ƙofa. Ta san abin da ake so ta ce, kalma uku ce kawai, "Za a yi," kuma ta yi wata biyu tana faɗin irinsu. Ta sa yatsa ta ja takunkumin, ba ƙasan haɓa ba wannan karon, ta cire shi gaba ɗaya ta ajiye a kan takardar mai jan hatimi.

"Miƙo yatsanki. Taɓa nawa ki ji."

Yarinyar ta taɓa. Ok-hui ta kai yatsan kan tabon. "Nan ta fito. Yanzu taɓa naki, wuri ɗaya. Kin ji? Tsakaninki da ita bai fi bawon albasa ba." Ta jawo aljihun tebur ta buɗe 'yar robar abincin. "Ga ta nan. Ni ma mai duba fuska ne ya aiko ni. Nawa a rumfa yake, naku yana da hatimi, amma duk cikinsu ba wanda zai zo ya riƙe miki kai ranar da ake matse mugunya."

Maman Da-som ta miƙe tsaye. "Wace irin magana ce wannan? Ke likita ce?"

"Ni? Ko kusa. Mai shara ce aka ba kujera. Shi ya sa ba zan ce ku yarda da ni ba, Mama. Ku je wurin likita uku waɗanda suka iya aikin haƙarƙari, ku ce su matsa fatar nan da hannunsu. In ɗaya ya ce a ƙara tsayi, ki dawo ki mare ni a gaban kowa. Abin da na gani shi ne wannan roba fita za ta yi, ko likita ya fitar da ita ko ta fitar da kanta. A cire, a bar hancin ya huta wata shida, sannan a gina da na jikinta."

"Wata shida? Ganawar fa?"

"Ganawa tana dawowa baɗi. Fata in ta huje ba ta dawowa."

"Siljang Tak." Manaja Yuk ya shigo yana murmushin da bai kai ido ba. Ya rusuna wa uwar. "Mama, ki yi haƙuri. Tsohuwar ma'aikaciya ce, tunanin da ne da ita. Kayan yanzu ba irin na zamaninsu ba ne, laushi gare su."

"Robar ta yi laushi, Manaja, na yarda," in ji Ok-hui. "Fatar mutane ce ba a sabunta ba. Ko an fito da sabon samfuri ban ji ba?"

Da-som ta yi dariya ba shiri, sai kuma dariyar ta juye kuka. Uwar ta dube ta, ta dubi jan tsinin nan kamar yau ta fara ganinsa, idonta ita ma ya kawo ruwa. Abin da ya taɓa hanci ai ido ruwa yake. Amma ba ta ce na gode ba. Ta fizge takardarta daga ƙarƙashin takunkumin, ta ja hannun 'yarta. "Tashi mu je. Gidan mahaukata muka shigo."

Kafin a tashi cin abincin rana takardar sallama tana kan teburin Ok-hui. Ba ta roƙi kowa ba. Ta ɗauki kofin shayinta da silifas ɗin aiki da 'yar robar abincin. 'Yan matan gaba suka sunkuyar da kai suna kallon na'ura. A bakin lif Manaja Yuk ya ce, "Kin manta takunkuminki." Ta ce, "Na bar maka. Ka sa a baki, don tsafta." Ta sauka ƙasa, iskar titi ta buge ta. Ta zauna a bencin jiran bas ta yi kuka sosai, fuska a buɗe, masu wucewa suna kallo.

Ta nemi aiki a asibiti tara. Labarinta ya riga ta zuwa ko'ina. A ƙarshe ƙanwarta Ok-ja, mai shagon fate a lungun bayan layin, ta ce, "Yaya, zo ki riƙe min ludayi, bayana ya gaji." Duk wanda aka yi wa aiki a fuska faten kabewa yake sha don kumburi ya sauka, wannan ko yaro ya sani. Don haka daga safe zuwa yamma shagon cike yake da masu filasta a hanci da ƙawayensu da suka rako su, waɗanda su ma suna shawarar yi. Manaja Yuk da ya kore ta daga ɗakin da take ganin mutum shida a yini, bai san ya aika ta inda za ta ga sittin ba. Tana zuba fate tana kallon hancin mutane. Ok-ja tana ta mita: "Yaya, abinci suka zo ci, ba a taɓa musu fuska ba!" Ita kuwa ko a jikinta.

Amma ba kujera ba ce. Tsaye take yini, ƙafafunta suna kumbura, kuma in ta bi ta gaban tsohon benen ba ta ɗaga kai. Game da Da-som kuwa, ba ta sake jin komai ba. Ta sa a ranta cewa uwar ta kai ta bene na gaba an sa mata bakwai ɗin, don a layin nan in ƙofa ɗaya ta ƙi, ɗari za su buɗe. Wani lokaci takan tambayi kanta ko a banza ta yar da shekara ashirin da uku.

Cikin watan Agusta, da rana tsaka, ana zafi kamar a tukunya, wata yarinya ta turo ƙofar shagon a hankali. Filasta a hanci, ƙarƙashin idanu ya yi rawaya. Tana tafe a ɗan sunkuye, tafin hannunta manne da gefen ƙirjinta na dama. Uwarta na biye da ita riƙe da jaka. Ok-hui ba fuskar ta fara ganewa ba, tafiyar ta gane. Ta tsaya da ludayi a hannu.

Suka zauna. Uwar ba ta dube ta ba, ta ce wa bango, "Likita huɗu muka gani, ba uku ba." Sannan ta ƙara, "Kwano biyu."

Ok-hui ta kawo uku, ta ja kujera ta zauna tare da su. Ta leƙa filastar ta gefe, ta ga karan bai yi wani tsayi ba, daidai fuskar.

"Mai hatimi ya gani?" ta tambaya. "Ko sai an kai masa haƙarƙarin ya duba ko akwai arziki a ciki?"

Da-som ta dafe gefenta da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa, hawaye na zuba. "Inna, don Allah! Kada ki ba ni dariya, zafi!"

"Na sani," in ji Ok-hui, ta tura mata cokali. "Wata guda ne. Sha fatenki tun da ɗumi."